Kada Mu Yafe Haƙƙin Da Ba Namu Ba: Batun Diyyar Wanda Aka Ji Wa Rauni A Ƙwaƙwalwa

'Yan uwa mazauna Kurmi, maza da mata, yau ina son mu tattauna a kan wata ɗabi'a tamu wadda a zahiri kyakkyawa ce, amma ta daɗe tana jefa gidaje cikin halin ni-'ya-su. Ɗabi'ar kuwa ita ce saurin cewa "ƙaddara ce, mun yafe" a duk lokacin da mota ta buge ɗanmu, ko bulo ya faɗo masa a ka a wurin gini, alhali shi wanda abin ya shafa yana kwance a gadon asibiti bai ma san inda kansa yake ba. Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko Mil 12 a Legas, ko Sabo da Bodija a Badun, ko Ama Hausa a Owerri, ya san yadda ake yi. Kafin kwana 3 an haɗu a caji ofis ko a zauren Sarkin Hausawa, mai mota ya zo da mutanensa yana ba da haƙuri, ya biya kuɗin gado da na allura, ya ɗora 'yan dubbai a kai, a rubuta takarda da Turanci, wani daga cikin dangi ya dangwala yatsa, a shafa fatiha a watse. Ra'ayina shi ne, muddin raunin a ka yake, wannan zama bai kamata a yi shi a makon farko ba, kuma kawu ko yaya ko shugaban ƙungiya ba su ne ke da ikon yafewa ba.

Dalili na farko ya shafi yadda ciwon kansa yake. Karayar ƙafa kowa na ganinta, a ɗauki hoto, a ɗaure, a faɗi watannin da za ta yi ta warke. Buguwar ƙwaƙwalwa kuwa ɓoyayyen ciwo ne. Likitoci suna da wani ma'auni da wasu malaman likitanci biyu, Teasdale da Jennett, suka fito da shi a birnin Gilasgo a shekarar 1974, wanda ake duba buɗe idon majinyaci da maganarsa da motsinsa, a ba shi maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 8 zuwa ƙasa rauninsa mai tsanani ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 13 zuwa 15 kuma ana kiransa mai sauƙi. To amma ko wannan mai sauƙin ba abin raini ba ne. Akwai wanda zai faɗi daga kan babur ya tashi ya kaɗe rigarsa yana magana garau, bayan 'yan awoyi ya sume, saboda jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kansa yana danne ƙwaƙwalwa. Akwai kuma irin jinin da ke taruwa a hankali, sai bayan makonni ya bayyana, musamman ga dattijai. Hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT ne ke nuna wannan, kuma shi ne abin da aka fi gudu saboda tsada.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da ke biyo baya bayan an sallamo mutum. Ɗan dakon da ke riƙe lissafin kwanduna 40 na tumatir a kansa, sai a ga ya kasa tuna abin da aka aike shi saye. Mai gadin da aka sani da haƙuri ya koma mai saurin fushi, yana dukan iyalinsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani farfaɗiya ce za ta kama shi bayan watanni, ko ma shekara. Wani ciwon kai da jiri ba za su bar shi ya sake hawa babur ba. Mu kuma sai mu ce iska ce ta shige shi, ko an yi masa sammu, a sa shi a tirelar da ta sauke shanu a mayar da shi gida wajen iyayensa. A lokacin nan takardar da aka dangwala wa yatsa tana aljihun mai mota, a cikinta an rubuta cewa an karɓi kuɗi a matsayin cikakken biya, babu sauran magana. Matar majinyacin da 'ya'yansa, waɗanda za su yi shekara 20 ko 30 suna ɗawainiya da shi, babu wanda ya tambaye su a ranar da aka yi yafiyar.

Na san za a ce neman diyya ba halin Musulmi ba ne, ai wanda ya yafe ladansa yana wajen Allah. Babu musu a kan falalar yafiya. Sai dai ina roƙon malamanmu na unguwanni su riƙa karanta wa jama'a babin jini da raunuka na littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda yawancinmu muka tashi muka ga ana karantarwa a zaure. A mazhabar Malikiyya cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Wanda aka yi sanadin gushewar hankalinsa, cikakkiyar diyya ake biyansa, daidai da ta rai. Raunin da ya huda ƙoƙon kai ya kai ga fatar ƙwaƙwalwa, sulusin diyya ne. Wanda ya farfasa ƙashi har ya gusar da shi, raƙuma 15. Wanda ya bayyana ƙashin kai kawai, raƙuma 5. Sannan malamai sun ce ba a ƙiyasta diyyar rauni sai bayan ya warke an ga inda ya tsaya. Wato tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce an hana irin wannan gaggawa da muke yi a caji ofis. Bugu da ƙari, diyyar rauni dukiyar wanda aka raunata ce. Idan ba ya cikin hayyacinsa, waliyyinsa mai tsaron dukiyarsa ne, kuma mai tsaro ba ya kyauta da abin da aka ba shi amana. Saboda haka wanda ya miƙe a zaure ya ce "mun yafe" a madadin mutumin da ke sume, kyauta ya yi da kayan da ba nasa ba.

A nan Kurmi ba kotun Musulunci ce za ta saurari irin wannan ƙara ba, Babbar Kotun Jiha ce, kuma da dokar sakaci da muka gada daga Ingila take aiki. Ma'anarta a taƙaice ita ce mai ƙara ya nuna abu 3: cewa wanda yake ƙara yana da nauyin kula da lafiyarsa, kamar yadda kowane direba ke da nauyin kula da sauran masu bin hanya; cewa ya yi sakaci da wannan nauyi, alal misali ya fito da tirela marar birki ko ya bi hannun da ba nasa ba; da kuma cewa sakacin ne ya jawo raunin. Ba sai an nuna da gangan ya yi ba. Wani abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, idan direba yana bakin aikin ubangidansa ne lokacin da haɗarin ya auku, doka ta ɗora wa ubangidan ko kamfanin alhaki tare da shi. Don haka idan aka turo mana direba da yagaggen silifa yana kuka yana cewa ba shi da ko sisi, tausayinsa na da kyau, amma tambayar da za a yi ita ce: motar ta wace ce, kuma wane kamfani ne ya yi mata inshora?

Batun inshora shi ne inda aka fi cutarmu. Doka ta wajabta wa kowane abin hawa da ke bisa titi inshorar da za ta biya mutumin da aka buge. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin wannan inshora na motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ƙayyade Naira miliyan 3 ga ɓarnar dukiya. Wannan miliyan 3 ta mota ce da shago da katanga, lissafin jikin ɗan Adam da ransa daban yake. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta mallakar takardar a faɗin ƙasa, a Agustan shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, wadda ta tanadi asusu na musamman domin waɗanda motar da ba ta da inshora ta buge, ko direban da ya tsere ba a gane shi ba. Abin nufi, akwai kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi domin irin wannan rana. Idan muka yafe, kamfanin muka yi wa gata. Gaskiya ne takardun jabu sun yi yawa, amma ana iya bincika lambar mota a rumbun NIID ta wayar hannu a gane ko inshorar ta gaske ce, kuma wajibi ne a sanar da kamfanin a rubuce tun da wuri.

Wanda ya ji rauni a wurin aiki hanyarsa daban ce. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya, domin a kula da duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki, har ma a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. A wannan tsari ba a buƙatar nuna laifin kowa. Amma akwai ƙa'idar lokaci: a sanar da ubangida cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara 1. Matsalarmu ita ce yawancin 'yan ci-ranin da ke haƙa rami da ɗaukar kwanon kankare ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kullum ake sallamarsu da yamma. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi a ranar 1 ga Nuwamban 2021, mutane fiye da 40 suka rasu, kowa ya ga yadda ake wahalar tantance leburorin da ke ciki. Rashin rajista bai wanke ɗan kwangila ba, ana iya kai shi kotu a kan sakaci, sai dai aikin kawo shaida ya ƙaru.

Mu dawo kan lokaci, domin shi ke kashe ƙararraki tun kafin a buɗe su. A Jihar Legas wanda aka ji wa rauni ta hanyar sakaci yana da shekara 3 ya shigar da ƙara, kowace jiha kuma da tata dokar, don haka a tambayi lauyan jihar da abin ya faru. Idan kuwa motar gwamnati ce, ko jami'in gwamnati a bakin aikinsa, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta taƙaita wa'adin zuwa wata 3 kacal. Wata 3 ɗin nan sau da yawa majinyaci ko magana bai fara ba. Doka ta yi wa yaro da wanda hankalinsa ya gushe sassauci a wasu halaye, kuma ta yarda wani makusancinsa ya shigar da ƙara a madadinsa, amma mai hankali ba zai jingina da sassauci ba alhali yana da damar zuwa da wuri. Ga kuma bambancin da ya kamata a gane: jinkirta sulhu daban, jinkirta ganin lauya daban. Lauya a gan shi a makon farko. Sa hannu a takardar kashe magana kuwa a dakata har sai likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta inda ciwon ya tsaya. Idan mai mota ya kawo kuɗin magani a karɓa, haƙƙin majinyaci ne, amma a rubuta cewa kuɗin magani ne na wucin gadi. Jihohi suna da dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce duk wanda ya rubuta takarda a madadinsa sai ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma tabbatar an karanta masa an fassara. Duk da haka warware takardar da aka riga aka dangwala wa yatsa aiki ne ja, ƙin dangwalawar ya fi sauƙi.

Kotu da takarda take aiki, mu kuwa mutanen baka ne. Alƙali yakan raba diyya gida biyu. Akwai asarar da ake iya lissafawa, kamar kuɗin asibiti da magani da hoto da kuɗin mota da ribar kwanakin da ba a fita nema ba, kuma wannan sai an jera ta dalla-dalla an kawo hujja. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa, kamar raɗaɗin da aka sha, da nakasa, da abin da mutum zai rasa na samu har ƙarshen rayuwarsa, da ladan wanda zai zauna yana jinyarsa. Saboda haka kowane rasit, ko na Naira 500 ne, a adana shi a leda guda. A ɗauki hoton mota da lambarta da wurin da abin ya faru. A karɓi lambar wayar shaidu tun a ranar, domin ɗan ci-rani da damina ta faɗi ya tafi. A nemi rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra. Ɗan dako ba shi da takardar albashi, amma yana da littafin adashi, yana da shugabannin kasuwa da suka san abin da yake samu, yana da bayanin kuɗin da yake tura wa gida ta waya duk mako. Ɗan acaɓa yana da mai babur da yake kai wa balas kullum. Duk waɗannan hujjoji ne.

Game da asibiti, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a sashe na 20 ta haramta ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6. A dage a kai mai raunin ka inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke maƙwabtaka da mutanenmu a Idi-Araba, ko na jiha da ke Ikeja, ko UCH a Badun, inda marigayi Farfesa Latunde Odeku ya kafa wannan fanni a 1962. Idan dole ta sa a mayar da shi Arewa, kada a tafi hannu rabbana. A karɓi takardar tura majinyaci da kwafin hotuna, a ci gaba da ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ƙarar dai a nan Kurmi za a yi ta, inda abin ya faru, don haka a bar wani tsayayye da zai riƙa bibiya.

Akwai masu cewa ai yaronmu ma da nasa laifin, bai sa hular kwano ba, ko ya bi hanyar da gwamnatin Legas ta hana babura tun daga dokar 2012 zuwa haramcin 2020 da na 2022. Hular kwano dai tun Janairun 2009 aka fara tilasta ta, kuma wanda ya ƙi sawa kansa ya cuta kafin kowa, wannan ba na ɓoye shi. Amma a shari'ar sakaci, idan mai ƙara yana da kaso a laifin, abin da aka saba shi ne kotu ta rage masa diyya gwargwadon kasonsa. Wannan lissafi na alƙali ne, bai kamata mu yanke wa kanmu hukunci a zaure mu ce ba mu da bakin magana ba.

Sai babban dalilin da ba a cika faɗa a fili ba, wato tsoro. Ana ganin mu baƙi ne, kada mu ja da 'yan gari. Wanda ya ga rikicin Shagamu na 1999, ko na Idi-Araba a 2002, ko na Mil 12 a 2016, ko na kasuwar Shasha a 2021, ba za a zarge shi ba idan ya fi son a kashe magana. To amma mu duba da kyau. Abin da ke tayar da fitina shi ne taron matasa su kewaye mota su fasa gilashi ko su cinna mata wuta. Takardar sammaci daga kotu ba ta taɓa ƙona kasuwa ba. Hasali ma idan matasanmu suka san akwai hanyar da haƙƙin ɗan'uwansu zai fito, hannunsu zai fi nisa da dutse da fetur. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Kotu ba ta tambayar takardar shaidar zama ɗan asalin jiha kafin ta karɓi ƙara, wanda bai ji Turanci ba kuma ana sa masa tafinta. Kuma a tuna, ba kullum mai laifin ɗan gari ba ne. Sau nawa tirelar Alhajinmu ce, ko shagon ɗan'uwanmu? A nan ma yafiyar dole ta fi yawa, domin talaka ba ya iya ɗaga ido a gaban mai ba shi wurin kwana. Shugabanninmu su ji tsoron Allah a irin wannan zama fiye da kowane.

Ba zan ce shari'a a ƙasar nan abu ne mai sauƙi ba. Ana ɗage zama, ana canja alƙali, ana ɗaukaka ƙara, shekaru su tafi. Shi ya sa sulhu ba abin ƙi ba ne, in dai an yi shi da ido buɗe, da rahoton likita a hannu, da lauya a gefe. A Legas ƙa'idar Babbar Kotu ma ta wajabta a nemi sasantawa kafin a shigar da ƙara, kuma tun 2002 akwai zauren sulhu a harabar kotun, wanda idan alƙali ya amince da abin da aka cimma a cikinsa ya zama hukunci. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana da Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid, da aka kafa a 1976, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci ƙararrakin haɗurra a cikin ayyukanta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato Naira 70,000 a wata bisa dokar 2024. Jihar Legas na da ofishin lauyoyin talakawa na OPD tun shekarar 2000. Akwai kuma lauyoyin da ke yarda su yi aiki sai an ci shari'a su ɗauki kaso. Wannan halal ne a ƙa'idar aikinsu, amma a rubuta kason tun farko, a karanta wa dangi da Hausa.

Abin da nake nema daga ƙungiyoyinmu na unguwanni da na kasuwanni bai fi ƙarfinsu ba. Muna tara kuɗin kai gawa gida, muna tara na gyaran masallaci, to a ware wani abu domin hoton ƙwaƙwalwa na ranar farko, kada a ce sai mai mota ya kawo. A naɗa matasa 2 ko 3 masu ilimin boko waɗanda da zarar an ji haɗari za su isa wurin da waya da littafi. A ƙulla yarjejeniya da lauya guda tun kafin buƙata ta taso, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sarakunan Hausawa kuma su sa doka a zaurukansu cewa ba za a kashe maganar raunin ka ba sai da rahoton likita, kuma sai matar majinyacin ko mahaifiyarsa ta ji abin da aka yanke ta bakin wakilinta. Idan diyya ta fito, a buɗe asusun banki da sunan majinyacin, mutum 2 amintattu su riƙa sa hannu, a riƙa cire na magani da na abinci wata-wata, ana rubutawa a littafin ƙungiya.